Hali, Sabo da Adalci a Wasannin Kotu na Talabijin

Daga cikin tambayoyin da malaman tarbiyya da masana falsafa suka daɗe suna kai-kawo a kansu akwai tambayar ko halin mutum yana sauyawa bayan ya girma, da kuma, idan har yana sauyawa, wane ne ya fi hannu a cikin sauyin: shi mutumin da kansa, ko mutanen da yake wuni tare da su a wurin neman abincinsa. Wannan tsohuwar tambaya ta sami sabon dandali a cikin wasannin kwaikwayo masu dogon zango da ake ginawa a kan kotu da ofisoshin lauyoyi, waɗanda a yau suke isa gidajen Yamai ta tauraron ɗan'adam da wayoyin hannu, domin irin waɗannan wasanni suna bin mutum ɗaya shekara da shekaru a cikin aiki ɗaya tare da abokan aiki ɗaya, har mai kallo ya ga yadda ya shiga da yadda ya fita. Kotu kuwa ta fi sauran wuraren aiki dacewa da wannan nazari, saboda a cikinta ne dangantakar ma'aikata da junansu take shafar mutum na uku wanda ba ya cikin dangantakar, wato mai ƙara ko wanda ake ƙara, wanda dukiyarsa ko aurensa ko 'yancinsa yake rataye a kan abin da waɗannan ma'aikata suka saba yi. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa sabo, wato shaƙuwar da ke samuwa ta yawan zama tare da yawan maimaita aiki, shi ne babban abin da ke gina hali kuma shi ne babban abin da ke karkatar da hukunci, saboda haka ma'aunin halin ma'aikacin shari'a shi ne abin da baƙon da bai san kowa ba yake samu a gabansa.

Yadda wasan kotu yake nuna hali

Wasannin kotu na farko ba su damu da sauyin hali ba. A cikin Perry Mason, wanda aka nuna a Amurka daga 1957 zuwa 1966, lauyan da ya shigo a kashi na farko shi ne dai ya fita a kashi na ƙarshe, mai gaskiya, mai kaifin basira, wanda kusan kullum yake wanke wanda yake karewa ta hanyar tona asirin mai laifin gaskiya, kuma kowace shari'a tana ƙarewa a cikin kashinta ba tare da ta bar wa lauyan wani tabo ba. Da aka koma ga wasanni masu labari ɗaya da ke ci gaba daga zango zuwa zango, sai nauyin labarin ya tashi daga kan shari'ar ya koma kan masu yin ta, aka mayar da ofis tamkar gida na biyu, inda ake renon ƙarami, ake kishi, ake cin amana, ake kuma yafewa.

Misalai uku sun isa su nuna fuskokin wannan salo. Suits, wanda aka nuna daga 2011 zuwa 2019, ya ginu a kan wani gwanin lauya a New York, Harvey Specter, da ya ɗauki wani matashi mai ƙarfin hadda, Mike Ross, aikin lauya alhali ba shi da takardar shaidar karatun lauya, kuma duk abokin aikin da ya gano sirrin sai ya zaɓi ya rufe shi, har daga baya matashin ya yarda da ɗauri domin kada tuhuma ta hau kan waɗanda suka rufa masa asiri. A wannan wasa, girman hali yana nufin mutum ya tashi daga son kai ya koma riƙon amanar mutanen ofis. The Good Wife, daga 2009 zuwa 2016, ya bi Alicia Florrick, wadda ta koma aikin lauya a Shikago bayan an ɗaure mijinta, ta fara daga ƙasa tana mai kunya da gudun cutar da kowa, ta ƙare tana mai iya zubar da mutuncin mijin abokiyar aikinta a gaban kotu domin ta kuɓutar da nata mijin, abin da ke nuna cewa ƙwarewa a aiki da kyautatuwar hali hanyoyi ne biyu da suke iya rabuwa. Better Call Saul kuwa, daga 2015 zuwa 2022, ya ɗora tambayar a bakin 'yan wasansa kai tsaye, domin yayan lauyan da wasan yake bi, wato Jimmy McGill, shi ma babban lauya ne, kuma ya tsaya a kan cewa ƙanensa mayaudari ne kuma ba zai taɓa sauyawa ba, kuma wannan yanke ƙauna daga mutumin da ya fi son ya burge yana cikin abubuwan da suka ƙara tura shi ga yaudarar.

Wasan kwaikwayo na Hausa ya bi wata hanya dabam. Ƙungiyoyin wasa na Nijar, irin ta Yazi Dogo a Yamai da ta gidan rediyo da talabijin a Damagaram, waɗanda Janet Beik ta yi nazarinsu a littafinta na 1987, sun fi gina wasanninsu a kan sanannun siffofi, kamar alhaji mai kuɗi da malami da sarki da ma'aikacin gwamnati, inda mai kallo yake gane halin kowa tun daga shigarsa, kuma darasin yake fitowa daga sakamakon da halin ya jawo wa mai shi. A Kano an yi wasan kotu na talabijin mai suna Kuliya Manta Sabo, wanda sunansa kirari ne da Hausawa suke yi wa alƙali, mai nufin cewa idan ya hau kujerar shari'a ba ya sanin aboki. Ta haka wasan ƙetare ya mayar da hankali ga yadda sabo yake sauya ma'aikacin shari'a, wasan Hausa kuma ya mayar da hankali ga wajibcin ajiye sabon a ƙofar kotu, kuma ana buƙatar fuskokin biyu kafin a ga tambayar a cikakkiyar surarta.

Ko hali yana sauyawa

Karin maganar Hausa ya ƙunshi ra'ayoyi biyu a kan wannan batu. Ana cewa hali zanen dutse, ana kuma cewa mai hali ba ya fasa halinsa, waɗanda suke nuna cewa abin da aka halicci mutum da shi ba ya kankaruwa; amma ana cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, wanda yake nuna cewa mutum yana kwasar halin wanda yake zama da shi ko bai yi niyya ba. Anthony Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 a kan ma'anar mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa siffofi goma, wato gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci, kuma duk wanda ya duba jerin zai ga cewa mafi yawansu siffofi ne da iyaye da malamai suke ɓata shekaru suna koyar da su, abin da ba zai yi ma'ana ba da a ce al'umma ta yarda da gaske cewa hali ba ya karɓar gyara.

Wannan ita ce hujjar da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa a cikin Ihya'u Ulumiddin, a babin horar da rai. Ya bayyana hali da cewa yanayi ne da ya kafu a cikin rai, wanda ayyuka suke fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba tare da dogon tunani ba, don haka wanda ya yi kyauta sau ɗaya saboda wani dalili ba a kiransa mai karamci, sai wanda kyauta ta zame masa jiki. Ya amsa wa masu cewa hali ba ya sauyawa da cewa da maganarsu gaskiya ce da wa'azi da nasiha da horo duk sun zama aikin banza, alhali ana horar da doki da kare da shaho su bar ɗabi'arsu ta farko. Ya kuma yi iyaka ga abin da ake nufi da sauyi, domin manufar horo a wurinsa ita ce a mayar da fushi da sha'awa ga tsaka-tsaki a ƙarƙashin hankali da shari'a, ba a tumɓuke su ba, tun da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su. Hanyar kuwa ita ce mutum ya tilasta wa kansa aikin masu halin da yake nema, ko da da ƙyar ne da farko, har maimaitawa ta mayar da shi ɗabi'a. Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, ya riga shi faɗar kusan haka a Tahzibul Akhlaƙ, su biyun kuma sun yi daidai da Aristotal, wanda ya ce mutum yana zama adali ne ta hanyar yin ayyukan adalci.

Idan aka ɗora wannan bayani a kan karin maganar da aka ambata, saɓanin da ke tsakaninsu yana raguwa ƙwarai. Hali yana da wuyar kankarewa ne saboda a hankali aka zana shi, kuma hanyar da aka bi aka zana shi ita ce kaɗai hanyar sake shi. A nan ne wasan talabijin yake yawan kauce wa gaskiyar rayuwa, domin buƙatar riƙe mai kallo tana sa marubuci ya tattara sauyin hali a cikin babban lamari guda, kamar mutuwa ko tonon asiri ko jawabi mai sosa zuciya a gaban alƙali. Abin da malaman tarbiyya suka bayyana ya fi wannan jinkiri da rashin armashi, tun da yana faruwa ne a cikin ƙananan ayyukan da ba a nunawa, kamar karanta takardun ƙara har ƙarshe, da zuwa zaman kotu a kan lokaci, da ƙin ɗage shari'a don kawai wani ya roƙa. Babban lamari yana bayyana halin da aka riga aka gina ne, ba kasafai yake ƙirƙirar sabo ba.

Wurin aiki a matsayin makarantar hali

Gazali ya ƙara da cewa hali yana samuwa ta hanyar zama da mutane, domin ɗabi'a tana satar ɗabi'a ba tare da mai ita ya sani ba, kuma hadisin da ya kwatanta abokin zama nagari da mai sayar da turare, mugu kuma da mai zuga wutar maƙera, yana ƙarfafa wannan ma'ana. Baligin da yake aiki yana shafe mafi yawan sa'o'in da yake a farke tare da abokan aikinsa, saboda haka su ne malamansa na tarbiyya ko ya zaɓe su ko bai zaɓe su ba.

Kotunan Yamai wurin aiki ne da ya bambanta ƙwarai da ofisoshin da ake gani a wasannin Amurka. Nijar ta gaji tsarin shari'ar Faransa, inda alƙali ma'aikacin gwamnati ne da ake horarwa tun yana matashi, kuma inda ake da alƙalan zama masu yanke hukunci, da masu gabatar da ƙara a madadin al'umma, da alƙali mai bincike, wanda aikinsa shi ne tattara hujjojin da ke tuhumar mutum da waɗanda ke wanke shi kafin a kai ga zaman shari'a. Wasan da ya fi kusa da wannan tsari shi ne Engrenages na Faransa, wanda tashar Canal+ ta nuna daga 2005 zuwa 2020, inda alƙali mai bincike François Roban yake fama da matsin manyansa da kaɗaicin da tsayuwa a kan ƙa'ida take jawo masa. Bayan wannan, dokokin tsara kotuna a Nijar, tun daga ta 1962 zuwa ta 2004 da ta 2018, sun tanadi a yi aiki da al'adar masu shari'a a batutuwa irin su aure da saki da gado, kuma a irin wannan zama alƙali yana zama tare da mashawartan al'ada, waɗanda da yawansu malaman addini ne. Ga kuma magatakardan kotu mai riƙe da takardu, da mai kai sammaci, da tafinta, wanda matsayinsa yake da girma a ƙasar da aka rubuta dokokinta da Faransanci alhali mafi yawan masu zuwa kotu da Hausa ko Zabarmanci ko wani harshen gida suke magana. Kundin tsarin mulkin da aka kafa a Nijar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Lauyoyi kuwa mafi yawansu a Yamai suke zaune, abin da yake cikin dalilan kafa hukumar taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a a 2011.

Matashin alƙali da ya fito daga makarantar horar da ma'aikatan shari'a yana shiga cikin wannan taro ne da dokokin da ya haddace, amma yana tarar da wasu ƙa'idoji da ba a rubuta ba. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, musamman Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun kira waɗannan da ƙa'idojin aikace, wato hanyoyin da ma'aikata suke bi a zahiri, waɗanda suka saɓa wa rubutacciyar doka amma suke da tsari kuma kowa a ofis ya san su, ana kuma koyonsu ta kallo da kwaikwayo. Mahaman Tidjani Alou na Jami'ar Abdou Moumouni ya wallafa nazari a 2001 a mujallar Politique africaine a kan yadda jinkirin shari'a da ƙarancin kayan aiki da yawan 'yan tsakiya suke buɗe ƙofar cin hanci a kotuna. Muhimmancin waɗannan nazarce-nazarce ga tambayar hali shi ne sun nuna cewa lalacewar ma'aikaci ba kasafai take fara da mugun nufi ba, ta fi farawa da son zama lafiya da abokan aiki da gudun a ce sabon zuwa yana da girman kai. Babban taron ƙasa a kan shari'a da aka yi a Yamai a watan Nuwamba na 2012, da layin waya na karɓar koken jama'a da ma'aikatar shari'a ta buɗe, ƙoƙari ne na gyara daga sama, amma hali yana kafuwa ne a cikin ɗakin da ake aiki kullum.

Sabo kuma ba da mutane kaɗai ake yin sa ba, ana yin sa da al'amura har ido ya daina ganinsu. A shari'ar Hadijatou Mani, wadda Kotun ƙungiyar CEDEAO ko ECOWAS ta yanke a Yamai ranar 27 ga Oktoba 2008, kotun ta ɗora wa ƙasar Nijar alhakin rashin kare ta daga bauta, ta kuma ba ta diyyar sefa miliyan 10, tana mai nuna cewa lokacin da lamarin ya zo gaban kotunan cikin gida ya kamata a ce alƙali ya ɗauki batun bautar da kansa, tun da dokar 2003 ta riga ta mayar da bauta laifi. Abin da aka saba gani a matsayin rikicin aure na al'ada ya rufe abin da doka ta kira babban laifi.

Iyakar sabo

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne aka karanta a zaurukan ƙasar Hausa ƙarni bayan ƙarni, ya ɗauki haɗarin sabo da muhimmanci har ya tsara wa alƙali zamantakewarsa. Mukhtasar na Shaihu Khalil, na ƙarni na 14, ya hana alƙali karɓar kyauta sai daga makusancin dangi, ya hana shi halartar walima in ba ta aure ba, ya so ya kasance marar bashi, ya rage masu rakiya da 'yan fada, kuma malaman mazhabar sun hana shi yanke hukunci a shari'ar da ta shafi wanda ba a karɓar shaidarsa a kansa, kamar mahaifinsa ko ɗansa ko matarsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki al'adar gaisuwa, wato kyautar da ake miƙa wa mai mulki kafin a sami biyan buƙata, a cikin Kitabul Farƙ, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano a farkon shekarun jihadi domin bayyana wa masu mulki da masu hukunci iyakokin aikinsu. Asalin duk wannan yana cikin Alƙur'ani, inda aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta umarci muminai da tsayar da adalci da ba da shaida ko da a kan kansu ne ko iyayensu ko danginsu.

Ƙissoshi biyu daga zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun taɓa ainihin abin da wasannin kotu suke yabo. Ta farko ita ce ta matar nan Bamakhzumiya da ta yi sata, Ƙuraishawa suka nemi Usama ɗan Zaidu, wanda aka san Annabi yana ƙauna, ya nema mata sassauci, Annabi ya ƙi, ya kuma bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin baya shi ne barin mai daraja idan ya yi laifi da hukunta mai rauni. Ta biyu ita ce wadda malaman tafsiri suka kawo a dalilin saukar aya ta 105 ta Suratun Nisa'i, inda wani daga Banu Ubairiƙ ya yi sata ya jingina ta ga wanda bai ji ba bai gani ba, danginsa suka taru suna neman a kare shi, sai aya ta sauka tana hana zama mai jayayya a madadin maha'inta. A ƙissoshin biyu, abin da aka ƙi shi ne ƙauna da zumunci su zama dalilin hukunci, duk da cewa ƙauna da zumunci abin yabo ne a muhallinsu.

Da wannan ma'auni, amanar da Suits yake ɗaukakawa tana da giɓi babba, domin duk lokacin da ma'aikatan ofishin suka rufa wa junansu asiri akwai masu shari'a da suka ba da amanar haƙƙinsu ga wanda suka zata lauya ne, kuma waɗannan ba a tambayi ra'ayinsu ba. Mai kallo yana manta su ne saboda ya shafe zango bayan zango tare da 'yan ofis, ya saba da su, alhali mai ƙara yana zuwa a kashi ɗaya ya wuce. Wato wasan yana jefa mai kallo cikin jarrabawar da alƙali yake ciki, kuma sau da yawa mai kallo yana faɗuwa ba tare da ya lura ba. A Nijar an san wannan jarrabawa da sunaye da dama, kamar alfarma da kamun ƙafa da sanayya, har ma akwai taƙaitaccen lafazin Faransanci, PAC, da ke nufin 'yan'uwa da abokai da waɗanda aka sani. Wahalarta ita ce tana zuwa da tufafin siffofin mutumin kirki, tun da wanda ya ƙi alfarmar tsohon malaminsa ko surukinsa ana iya cewa ba shi da kunya ko ba shi da mutunci. Amsar fiƙihu ita ce mutum yana karamci da abin da ya mallaka, hukunci kuwa ba mallakar alƙali ba ne, haƙƙin wani ne da aka ba shi ajiya.

Wannan ba ya nufin an so alƙali ya zama marar aboki. Khalil ɗin da ya rage masa 'yan rakiya shi ne ya so ya riƙa shawara da malamai, ya kuma ajiye amintaccen mutum da zai riƙa gaya masa abin da jama'a suke faɗa a kan halinsa da hukuncinsa. Gazali ma, da yake lissafa hanyoyin da mutum zai san aibinsa, ya ambaci malami mai basira da aboki mai gaskiya da harshen maƙiyi da kuma lura da abin da yake ƙi a wurin mutane. Abokin aikin da addini ya yaba shi ne wanda sabonsa yake ba shi damar faɗar abin da baƙo ba zai iya faɗa ba.

Fasahar lauya da sharaɗin tuba

Wasan kotu yana rayuwa ne a kan fasahar magana, kuma gwarzonsa shi ne wanda ya iya juya hujja. Hadisin Ummu Salama, wanda Imam Malik ya buɗe babin hukunce-hukunce da shi a Muwaɗɗa, ya yi gargaɗi a kan wannan, inda Annabi ya bayyana cewa yana hukunci ne da abin da ya ji, kuma wani yana iya fin wani iya tsara hujja, don haka wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya yanki ne na wuta aka yanka masa. Ma'anar ita ce nasara a kotu ba ta halatta abin da yake haram, kuma akwai tazara tsakanin hukuncin zahiri da gaskiyar lamari wadda babu mai cike ta sai tsoron Allah na mai shari'a da wakilinsa. Fiƙihu ya halatta wakilci a cikin jayayya, kuma lauyan da yake tabbatar da cewa an saurari wanda ake tuhuma, an kuma kawo hujja kafin a ɗaure shi, yana hidima ne ga adalci ko da wanda yake karewa mai laifi ne. Inda aka ja layi shi ne ƙirƙirar ƙarya da ɓoye haƙƙin da ya tabbata.

Daga nan ne ake gane bambancin nadama da tuba. Malamai, kamar Imam Nawawi a Riyadus Salihin, sun ambaci sharuɗɗa uku ga tuba, wato barin laifin da yin nadama da ƙudurta rashin komawa, suka ƙara na huɗu idan laifin ya shafi ɗan'adam, wato mayar da haƙƙi ga mai shi ko neman yafewarsa. Wasanni da yawa suna tsayawa a kan nadama, inda ɗan wasa yake zubar da hawaye, abokan aikinsa su rungume shi, labari ya ci gaba, wanda aka zalunta kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ƙarshen Better Call Saul ya fi kusa da cika sharaɗin, domin Jimmy McGill, bayan ya yi amfani da wayonsa ya sami yarjejeniyar ɗaurin kimanin shekara 7, ya tsaya a gaban kotu ya amsa laifinsa da bakinsa, aka yanke masa shekara 86. Ko a nan ma ana iya tambaya ko don gaskiya ya yi ko don ya dawo da mutuncinsa a idon Kim Wexler, abokiyar aikinsa kuma tsohuwar matarsa, amma bisa bayanin Gazali aikin ƙwarai da aka fara don ganin idon mutumin kirki yana iya zama matakin farko na halin ƙwarai, muddin an ci gaba da shi.

Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan nazari shi ne cewa hali yana sauyawa, amma ta hanyar maimaita ƙananan ayyuka a tsawon lokaci, kuma abokan aiki suna da babban rabo a cikin alkiblar da sauyin zai fuskanta. Wannan yana ɗora nauyi a kan manyan alƙalai da manyan lauyoyi na Yamai fiye da yadda yake ɗorawa a kan manhajar makaranta, domin abin da ƙaramin ma'aikaci ya ga babbansa yana yi da takardar talaka a shekarunsa na farko shi ne zai ɗauka a matsayin aiki. Wasiƙar da ake jingina wa Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa Al'ash'ari ta haɗa ɓangarorin biyu na batun, tun da ta umarci alƙali da daidaita mutane a kallonsa da mazauninsa da hukuncinsa, ta kuma hore shi da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau, wanda shi ne amincewa da cewa alƙali ma yana ƙaruwa. Marubucin da zai shirya wasan kotu da Hausa a Yamai yana da kayan aiki da wasannin ƙetare ba su da su, wato alƙali mai karatun boko da mashawarcin al'ada da tafinta da magatakarda a zaure ɗaya, kowa da danginsa da masu neman alfarmarsa. Wasan zai cika aikinsa na tarbiyya ne idan ya ba mai ƙara lokaci da suna da tarihi daidai da na ma'aikatan kotu, domin mai kallo ya auna sauyin halinsu da abin da ya sami wannan mutum bayan an tashi daga zama.